Birkina da Haƙorin Yaya Habu

Gumel, daren Alhamis, watan Rajab 1346

Cinyoyina ciwo suke, amma sai na rubuta wannan. Jiya na gama ɗaura wa tsohon kekena sabuwar cibiyar ƙafa da birkin da na sayo a Kano. Yaya Habu ya tsaya a kaina yana dariya: "Ƙanena, wannan gwangwanin kake yi wa hidima?" Shi da nasa keken ba abin da ya sani sai goge shi da tsumma, birkin kuwa ya cinye tun bara.

Yau muka nufi kasuwar Maigatari tare, yana gaba yana baza riga. Sai ga shanu sun tsallako hanya. Na matsa birki, na tsaya cak. Shi kuwa ya yi ta jan ƙafa a ƙasa yana salati har ya rungumi wani bijimi. Ƙafar kekensa ta lanƙwashe, haƙori ɗaya ya fita daga bakinsa.

Ni na goyo shi a kekena, muka juyo gida. Da muka iso bakin gari ya ce, "Sauke ni nan, kar a gan ni."

Na ce, "Yi haƙuri, Yaya, birkin ya ƙi kamawa."

Ta tsakiyar kasuwa na bi da shi.