Fatihar da Muka Shafa a Banki

Sabon Gari, Maraɗi
Farkon damina

Zuwa ga maigidana, Baban Salima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin wannan daji? Mu nan lafiya lau. Inna tana sa maka albarka, ƙafarta ta yi sauƙi. Salima kuwa ta yi tsawo har ta fara ɗaura zannuwana ba tambaya.

Na kira lambarka har na gaji. Idirisa direba ya ce can rijiyoyin zinariya bayan Agadas ba a samun rezo, wato layin waya, sai an hau dutse, ni kuwa na san ka, ko matakalar soro sai ka huta a tsakiya. Shi ya sa na koma takarda, shi zai kai maka.

Mutanen banki sun aiko. Tun da aka rufe iyaka atamfofinka suka maƙale, ka san biyan bashin ya tsaya, takardar gidan nan kuma tana hannunsu jingina. Yanzu sun ce in ba a kawo abin da ya taru ba, za su kai magana gidan shari'a a sayar da gidan. Ina gama karanta takardarsu na zauna a ƙasa cikin zaure.

Na sayar da 'yan kunnena da awarwarona, na haɗa da kwasar adashina, da niyyar in kai musu ko rabi ne. Kawu Chaibu ya ce ba a haka, mace ba ta zuwa roƙo ita kaɗai alhali da manya a gida. Ya bincika, ya gano mai riƙe da maganarmu a bankin wani saurayi ne, Rashid, ɗan Jiratawa, kuma gonar zogalen mahaifinsa tana iyaka da ta Kawu. Ya sa babbar rigarsa muka je. Rashid na ganinsa ya bar kujera ya durƙusa. Kawu ya roƙi a ɗaga mana ƙafa zuwa kaka. Rashid ya sunkuyar da kai, bai musa ba. Kawu ya yi addu'a, muka shafa fatiha tare, har ya rako mu bakin titi.

Kawu ya ce magana ta ƙare. Tunda an ba mu lokaci, ya ce a zuba kuɗin a gonarka ta Tsibiri, taki da iri da 'yan ƙwadago, in kaka ta yi a biya da yawa. Haka aka yi. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ban gaya wa Inna komai ba. Gidan da ta aurar da kai a ciki ne, ba zan iya buɗe baki ba.

Ka kula da kanka, ka kuma aiko da amsa ko layi ɗaya ne.

Matarka,
Nasiba

Sabon Gari, Maraɗi
Tsakiyar damina

Baban Salima,

Ina gaishe ka da fatan alheri. Allah Ya sa wannan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya. Mu jikinmu lafiya, zuciya ce dai ba lafiya.

Ranar Litinin ma'aikacin gidan shari'a ya zo da takarda, tare da wani mai awo. Suka auna tsakar gida, suka ɗauki hoton ɗakuna, har na Inna, tana zaune a kan tabarma. Na ce mata masu gyaran famfo ne. Ta dube ni, ban san ko ta yarda ba. Maƙwabta kuwa sun leƙo ta katanga, kowa ya gani. Tun ranar ko babur ya tsaya a ƙofa sai in miƙe in leƙa.

Na koma bankin ni kaɗai, raina a ɓace. Rashid ya rufe ƙofar ofis ya faɗa mani gaskiya. Shi ba shi da ikon ɗaga wa kowa ƙafa, hukunci daga babban ofishinsu na Yamai yake zuwa. Ya ce ba zai iya duban sa'an mahaifinsa, wanda ya tako har wurin aikinsa, ya ce masa a'a ba. Ya ɗauka mun gane, tunda ba a rubuta komai ba. Mu kuma mun ɗauka tunda an shafa fatiha an gama. Abin da ya fi ƙona mani rai, ya ce da na miƙa kuɗin nan a ranar, da takardunmu ba su je gidan shari'a ba. Ranar kuwa suna ƙulle a haɓar zanena, ina zaune ina cewa amin.

Kawu yana ta faɗa, wai yaran yanzu ba su san girman fatiha ba. Na bar shi ya yi, me faɗan zai ƙara mani? Kuɗin suna cikin ƙasa a Tsibiri. Na je na gani, gero ya kai gwiwa, ya yi kyau ƙwarai, amma ba ya jin ana sauri.

Na roƙi Rashid, wannan karon da bakina, na ce ya rubuta wa Yamai ya gaya musu akwai gona, akwai kaka, kuma mai gidan yana nema. Na tsaya a kansa har ya rubuta na gani da idona.

Idirisa ya dawo, ya ce bai gan ka ba, ya bar takardar wurin wani wanda ya ce ya san ka. Don Allah ina ka shiga? In fushi kake da kanka saboda bashin nan, ka bari. Ni ban taɓa ganin laifinka ba.

Ina jiranka,
Nasiba

Sabon Gari, Maraɗi
Ƙarshen damina

Baban Salima, mijina,

Sallama da gaisuwa. Ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon ba don al'adar wasiƙa nake tambaya ba.

Yamai sun amsa. Sun yarda a dakatar da gwanjon, a sake rarraba bashin kaɗan-kaɗan, a fara da kuɗin geron Tsibiri. Sharaɗi ɗaya suka sa: kai da kanka za ka zo ka sa hannu kafin watan nan ya mutu. Hannuna ba ya yi, na Kawu ma ba ya yi. In watan ya wuce, za a buga ƙararrawar gwanjon gidan.

Na tambayi Rashid, in ba a same ka ba fa? Ya daɗe yana juya alƙalami. Sannan ya ce ranar da ka karɓi bashin an haɗa maka da abin da suke kira asurans. In mai bashi ya rasu aka kawo takardar shaida, masu asurans ɗin ne ke biya duka, gida ya zauna wa iyalinsa ba ko sisi. Ya faɗa a hankali, yana ba ni haƙuri. Na so a ce ya yi mani irin shirun da ya yi wa Kawu.

Na yi kuskure na gaya wa Kawu. Tun ranar kullum yana tashar Agadas yana tambayar direbobi, don an ce wata rijiya ta rufta da mutane kwanakin baya, ba a san sunayensu ba. Ya ce neman labarinka yake, kuma na yarda. Amma jiya na ji shi yana tambayar Idirisa wa ke ba da takardar shaida a can. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada Salima ta gan ni.

Na gaya wa Inna komai, na gaji da ƙarya. Ba ta tambayi gidan ba ko sau ɗaya, kai ta tambaya.

Baban Salima, in kana iya tafiya, ka zo ka sa hannu. In ba ka iyawa, ka aiko da saƙo ta bakin kowa, in dai san kana numfashi. Zan kwashe Inna da Salima mu koma Tsibiri, in miƙa wa banki makulli da hannuna. Wata da watanni ina tsoron a zo a ce mani an sayar da gidan nan. Yanzu abin da nake tsoro shi ne a zo a ce mani gidan ya tsira.

Allah Ya tsare mani kai, Ya dawo da kai da ƙafarka.

Taka har kullum,
Nasiba