Kada Ki Gaya wa Kaka Inda Take

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga taubashiyata Nazifa, baiwata ta gado, wadda ke can ƙasar Jamus tana karatun falsafa. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, sanyin can bai ƙarasa busar da ɗan naman da kika tafi da shi ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗa ƙwaƙwalwa, Ya maido mana ke da hankalinki cikakke. Mu nan sai godiya. Babanki, Kawu Armaya'u, ƙafar ta yi sauƙi har ya koma faɗa da mahauta a kasuwa. Inna lafiya lau. Ƙanwata Yasmin ce ke juya ajamina zuwa boko, duk kuskuren da kika gani nata ne.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Kin ce na yaudari tsohuwa makauniya, kin ba ni zuwa Juma'a in gaya wa Kaka Tasalla gaskiya, in ba haka ba ki kira ta da kanki. To ba zan gaya mata ba. Kuma kafin ki taɓa wayar nan, ji abin da ba a ba ki labari ba.

Tun da muka baro Ruma muka tare a Batsari, Kaka ba ta sake yin dariya ba. Bayan sallar layya ta rantse da Allah a gaban kowa cewa abinci ba zai ƙara wuce maƙogwaronta ba sai ta taka ƙasar Ruma. Liman ya zo ya ce ta karya ta yi kaffara, ta ce ita ba ta rantsuwa ta dawo tana cinikinta. Sai ruwa kawai. Ta kai ina ɗaga ta da hannu ɗaya kamar buhun ƙaiƙayi. Hanyar Ruma kuwa kin san 'yan bindigar da suka kore mu suna zaune a bakinta.

Ana cikin haka na tuna karatun da kike aiko mini duk lokacin da na tsokane ki. Ba ke kika ce akwai wani tsohon malamin Jamus, wanda bai taɓa nisa da garinsu ba, da ya ce ba wanda ya taɓa kai wa ga ainihin abu ba? Ido da kunne da hanci su kawo ɗanyen kaya, hankali ya yanka ya ɗinka, abin da ya ɗinka shi muke kira duniya. Na ce madalla, ashe tela ake nema. Na je ƙauyen Darini wurin Malam Sharfaddeen, abokin Kawu, ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ga tsamiya ga turken shanu, kamar dai namu na da. Na kai randarta, da buzunta, da akuyar nan mai kukan jariri. Sannan na ɗaure Kaka a bayana da zane, na hau babur, na yi ta bin da ita hanyoyin gona, duk ramin da na gani sai na faɗa, har ta ce lallai wannan hanyar Ruma ce, ba ta canja hali ba. Tana sauka ta dafa ƙasa, ta ce a dama mata fura. Nazifa, Inna sai da ta fita waje ta yi kuka. Yanzu tuwo take ci har da neman ƙari. Ni nake zagayawa bayan danga ina maƙale murya ina tallar nono irin ta 'yan rugarmu, ita kuma tana zagina wai na cika ruwa.

Sauran malaman naki ma duk suna bayana. Wanda ya ce “ni” shi ne tushen komai, wannan ai Kawu ne aka haifa a Jamus. Wanda kuma ya ce kowane abu sai ya yi karo da kishiyarsa su haifi na uku, gaskiyarsa: Ruma da Batsari sun yi karo, sun haifi Darini.

Amma kin ce tsohon nan na farko shi ne dai ya haramta ƙarya kwata-kwata, ko da mai kisa ne ya tsaya a ƙofa yana tambayar inda baƙonka ya ɓuya. A nan na raba gari da shi. Shi a kan kujera ya ƙago mai kisan nasa, mu namu da babura suka zo. Ranar da suka shigo Ruma da hantsi, Kaka ce zaune a ƙofar gida. Suka tambaye ta ina 'yan matan gidan, ta ce sun tafi biki Safana. Alhali Yasmin da ƙanwarki Ramlat suna cikin rumbu, gero har wuya. Yasmin ɗin da ke rubuta miki wannan layin ke nan. In kin je kabarin malamin naki ki ba shi labari, ki ji abin da zai ce.

Saura abu ɗaya, kuma ban gaya wa kowa a gida ba sai Yasmin da ke wannan rubutun. Shekaranjiya da safe ina gyara mata buzu a hantsi, sai ta riƙe mini kunne. Ta ce ikon Allah, ranar Ruma yanzu ta bayan ɗaki take fitowa, ladanin Ruma ya koma yaro, mai tallar nono kuma warin fetur take yi. Na buɗe baki, ta matse kunnen. Ta ce ba ta tambaye ni komai ba, kada in amsa abin da ba a tambaye ni ba. Ta ce ita dai jikanta ya ce Ruma ce, kuma ba ta taɓa jin wani ya ce ba ita ba ce. Amma duk ranar da wani ya faɗa mata da baki, rantsuwarta na nan, za ta ɗauki sandarta ta nemi hanyar daji ko da rarrafe. Daga nan ta sake ni, ta ce furar jiya ba ta ji yaji ba.

To ga waya nan, ga Juma'a na tafe. Ni Kamalu ba zan faɗa ba, ko da Kawu zai kore ni daga gidan. In kin kira, ki sani da bakinki za ki miƙa mata sandar.

Inna, da Kawu, da Ramlat, da Malam Sharfaddeen da iyalinsa duk suna gaishe ki. Ki gai da yayanki Faisal in kun yi waya. Kaka ta ce a gaya miki, in za ki kira ki fara da tambayarta ya mutanen Ruma.

Ubangidanki har kullum,
Kamalu