Wane Ne Lamba Bakwai a Cikinmu?

Tijjani Mamman,
Shugaban ma'aikatan sashen jiƙa fata,
Unguwar Zawaciki, Kumbotso, Kano.
Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Kwamanda,
Makarantar ƙaro ilimin likitocin soja kan lafiyar al'umma da rigakafi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAKAMAKON GWAJINMU DA AKA KULLE A AKWATI

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina rubuto wannan ƙorafi a madadin mu goma sha ɗaya, ma'aikatan wani kamfanin fata a Challawa.

1. Ranar 13 ga Mayu, ɗalibarku Kyaftin Dakta Saudat Ibrahim ta zo mana da binciken karatunta kan illar da sinadarin jima yake wa ƙoda. Da yardarmu ta ɗebi jininmu da fitsarinmu. Kowace kwalba lamba ta rubuta mata, ba suna ba. Ta ce littafin da ya haɗa lamba da suna yana hannunta ita kaɗai, ko mu ba za ta gaya wa lambobinmu ba sai sakamako ya fito, don kada manaja ya ji ya kori wani. Mun yi mata addu'a, domin shekarata sha tara ina tsoma hannu a ruwan nan, ba wanda ya taɓa tambayar lafiyata sai ita.

2. Manaja dai ya ji labarin gwajin. Ranar 3 ga Yuni ya dakatar da mu duka, wai sai kowa ya kawo takardar likitar da ta gwada shi. Mun zaga Sharaɗa da Bompai neman aiki, ashe labari ya riga mu isa: masu ciwo ne.

3. Ranar 20 ga Yuni aka tura Kyaftin aiki daji, inda ko waya ba ta shiga. Ba ma zarginta, soja ba ya musu da umarni. Amma littafin yana cikin akwatinta na ƙarfe a ɗakinta na makarantarku.

4. Sau huɗu muna zuwa ƙofarku. A zuwa na huɗu, ranar 26 ga Agusta, malaminta ya fito, kuma mutumin kirki ne. Ya ce sakamako ya iso: goma lafiya lau, amma mai lamba bakwai ƙodarsa ta taɓu, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Na tambaye shi wane ne lamba bakwai. Ya ce wallahi bai sani ba, kuma dokar bincike ta hana a buɗe littafin sai da hannun mai shi. Ya ce mu je a sake gwajin a wani asibiti. Ranka ya daɗe, da me? Wata uku ba aiki, kuma manaja ya ce takardar Kyaftin kaɗai zai karɓa.

5. Tun ranar ba mu da sukuni. Bulus kullum sai ya danna ƙafarsa da yatsa ya ga ko ta kumbura. Idi ya daina cin gishiri. Ni kuwa, ina jin kunyar faɗa, har addu'a na kama kaina ina yi kada ya zama ni ne, alhali na san in ba ni ba ne, to ɗaya ne daga cikin mutanen da na lallasa da bakina suka miƙa hannu.

Saboda haka muke roƙo, cikin girmamawa, a yi ɗayan biyu: a ba Kyaftin hutun kwana biyu ta zo, ko a aika mata ta hanyarku ta soja ta ba da izini a rubuce a buɗe akwatin. Ba diyya muke nema ba, kuma ba ma so karatunta ya lalace. Goma su koma bakin aiki, ɗaya ya tafi asibiti tun yana iya tafiya da ƙafarsa.

Ga sunayenmu duka a ƙasa. Lambobin suna wajenku.

Allah Ya ƙara girma, Ya dawo da ita lafiya.

Naku cikin biyayya,
Tijjani Mamman

Tare da: Idi, Bulus, Uwaisu, Salisu, Gidiyon, Ɗayyabu, Hamisu, Lawwali, Sabi'u da Mamman Ɗan Maraɗi.