Gangar Baba da Ƙafata ta Hagu

Litinin, 9 ga wata
An fara rataye tutoci a layinmu, bikin ƙasa ya matso. A asibiti an ce ma'aikatan jinya su ba da suna don fareti. Na ce a tsallake ni kamar kullum. Ƙasar da ba ta san ina yi ba, ita zan taka wa ƙafa cikin rana?
Baba kuwa tun safe yana tsakar gida yana ɗaure fatar babbar gangarsa. Tun ba a haife ni ba shi ke buga ta a badujalar unguwa.

Laraba, 11 ga wata
Na biya ta filin makaranta inda suke gwaji. Mai Usur, shugaban badujalar, ya busa a tsaya. Kowa ya tsaya, Baba shi kaɗai ya ci gaba da dukan ganga. Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, wai tsokana ce. Ni na san kunnen ne ya ƙara tafiya. Na'urar ji da na samo masa bara, da ya buga ganga sai ta kama tsuwa, shi ya sa take kwance a durowa.

Alhamis, 12 ga wata
Mai Usur ya tare ni a ƙofar asibiti, wai in lallashi Baba ya huta. "Ƙafar kowa a kan gangar nan take, in ta kuskure duk mun kuskure." In abin bai gyaru ba zuwa gwajin ƙarshe, wani zai ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Asabar, 14 ga wata
Na gaya wa Baba, sai da na maimaita da ƙarfi. Bai yi faɗa ba. Ya ce aikin gidan waya ya kai shi kowane lungu na ƙasar nan, babu ƙofar da ya tsaya aka hana shi ruwan sha. "Gangar nan godiyata ce, 'yar nan, ban san wata hanyar yin ta ba."
Can ya ce ai layin ma'aikatan jinya ne ke gaban badujala. Ba sai ya ji usur ba, in dai yana ganin diddigen mutum ɗaya da ya yarda da shi. Ya kalli ƙafata. Wayyo ni.

Litinin, 16 ga wata
Na ba da suna, layin baya. Shugabarmu ta leƙo ni ta saman tabarau: "A'a, 'yar adawa ta tuba?"

Laraba, 18 ga wata
Ashe taka fareti aiki ne. Ni ke jin usur da ƙahonni, shi yana bin diddigena na hagu. Na ɗaga ya buga, na tsaya ya tsaya. Matsalar, ko a gwajin da muke yi a tsakar gida da ƙafar dama nake farawa. Inna ta zauna bakin kicin tana dariya har da hawaye, wai agwagwa ta shiga soja. Baba bai yi dariya ba ko sau ɗaya. "Sake," kawai yake cewa. Mutumin nan akwai haƙuri.

Juma'a, 20 ga wata
Gwajin ƙarshe, babu kuskure. Mai Usur ya kalle ni, ya kalli Baba, ya kawar da kai. Ina jin ya gane.

Asabar, 21 ga wata
Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma sai na rubuta.
Unguwa ta fito kaf. 'Yan makaranta da ƙananan tutoci, kanikawa cikin kayan aiki wankakku har ban gane su ba, matan kasuwa, 'yan kwana-kwana, tsofaffin 'yan fansho ana tura ɗaya a keke yana sara wa kowa. A bayana gangar Baba, ina jin ta har cikin ƙirjina. Da muka karya kwana na saci kallonsa: fararen kaya, baya a miƙe, ido a ƙasa kan takalmina. Wallahi ya burge ni.
Sai muka isa fili aka tsaya don taken ƙasa. A gwaji ba a yi taken ba, mun manta da shi sam. Ƙafa ba ta motsi a nan, Baba kuma dole ya buga a ƙarshen kowane baiti. Da aka juya wajen tuta ya zama muna gefe da gefe. Ya kafe bakina da ido.
Babu yadda zan yi, na buɗe baki sosai na rera. Rabona da taken tun firamare, ashe kalmomin suna nan. Ya buga kowane a kan gaɓa. A baitin ƙarshe muryata ta shaƙe, leɓe kawai nake motsawa, duk da haka ya buga daidai. Ta kusa da ni ta miƙo mini hankici, na ce rana ce ta shigar mini ido.

Litinin, 23 ga wata
Baba yana goge ganga zai mayar da ita buhu. Ya ce na bana ne na ƙarshe, da bakinsa zai gaya wa Mai Usur, tunda ya gama a tsaye ba cire shi aka yi ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Baba, yanzu fa ƙafar ta fara iyawa."
Bai ji ba. Gobe zan sake faɗa masa, da ƙarfi.