Bidi Ya Ƙi Hatsin Lahodu

Zuwa ga ɗan ƙanena Uwaisu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar ga ta iske ka lafiya, kai da iyali. Mu nan Lahodu sai godiya. An gama ɗaurin hatsi, an fara dashen albasa, ƙafar innarka Larai ta yi sauƙi har tana zuwa rijiya.

To, saƙon muryar da ka baza a wayoyin mutane ya iso kunnena a kasuwar Goronyo, gaban sa'o'ina. Wai ni baffanka, alƙalin sukuwa, na danne maka nasara don hassada. Ni Sa'adu! Hassadar mi, Uwaisu? Tunda ka manta mafarin sukuwar ga, buɗe kunnenka.

Kakanka Mode shi ya fara ta, shekarar da ruwa ya ci fadama. Daga bakin kasuwar Gandi ake sakin dawaki bayan asuba, a tsaya gindin tsamiyar garinmu, tafiyar da mai jaki ke wuni yana yi. Karo na ukku baƙin dokinsa akawali ya riga kowa, ana cikin guɗa ya faɗi matacce. Na ga ubana yana kuka kamar mace ranar nan. Shi ya kafa doka: dokin da ya iso, a bari ya huce, a miƙa masa hatsi cikin ƙwarya. In ya ci, ya ci sukuwa. In ya kau da kai, mahayinsa ya zalunce shi, ko da ya ba na bayansa ratar gona goma. Shekara hamsin da ɗoriya gidanmu ke riƙe da ƙwaryar nan, ba wanda ya taɓa ce mana mun karkata.

Kai kuwa ka sayi doki bidi ka aiko, ka ɗauko mahayi baƙo, ka ce masa ta waya kada ya tausaya wa bulala. Na ce maka wanga gudu ba na filin ƙwallo ba ne, ka ce zamani ya wuce tsofaffi. Ya iso farko, ban musa ba. Amma kumfa har ƙirji, ƙafafu na rawa. Sau ukku na miƙa masa ƙwarya, raina na so ya ci, wallahi don kai. Ko shinshinawa bai yi ba. Dokin Abdulƙadiri na Gandi ya zo na biyu, ya cinye tas. Mi kake so in yi, in tauna masa?

Ka ce in tara mutane in sake hukunci. Ba ni yi. Abin da ban faɗa maka ta waya ba, bidi ya mutu kwana huɗu bayan sukuwa, kansa bisa cinyata. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ba ni da ɗa namiji, kowa ya san kai za ka gaje ni a alƙalanci. Jumma'ar da ta wuce, gaban dattawa, na damƙa alƙalancin ga Abdulƙadiri. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gara ya bar gidanmu da ya faɗa hannunka.

Ka gaishe da matarka Surayya, da ɗiyanka Nafisa da Bilyaminu, su ba su yi mini komai ba. Larai ta ce a gaishe ka. Ni ban ce ba.

Baffanka,
Sa'adu Mode, Lahodu.