Na faɗi da gangan, yanzu Baba zai sake shiga fage

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu, ina gaida kowa, ya gida ya iyali ya haƙuri da rayuwa. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan kokawa ne a nan Katsina, walda nake yi wajen Ƙofar Durbi amma a fage aka fi sanina. Wanda ya koya mani kokawa Baba muke ce mashi, mutumin Ƙofar Guga ne, ya doshi sittin. A zamaninshi ya zaga Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, duk inda aka kafa fage sai an ji sunanshi. Da ya ajiye sai ya zuba yashi a bayan gidanshi ya koma koyarwa, mu da yawa ta hannunshi muka biyo. Dokarshi ɗaya ce: a kayar da kai sau ɗari bai dame shi ba, amma ka faɗi da gangan, to ka gama da shi. A gabana ya kori ɗan ƙanenshi don ya kwanta wa abokinshi a fage, shekara tara ke nan ko gaisuwarshi ba ya amsawa.

Kakar da ta wuce aka yi kokawa a Batagarawa. Baba kallo kawai ya zo, yana kan kujera da babbar rigarshi. Sai makaɗi, Allah ya shirye shi, ya saki taken Baba. Wallahi ina kallo jikinshi ya ɗauki tsuma, ya tuɓe riga ya faɗa fage yana kirari. Mu a al'ada yaro ba ya kama maigidanshi, duk muka sunkuyar da kai. Can sai na hango wani ƙaton baƙo ya miƙe yana gyara ɗamara. Ni kuwa na san abin da jama'a ba su sani ba, ni na raka Baba asibiti, a gabana likita ya ce ƙashin bayanshi ya zaizaye, faɗuwa ɗaya mai ƙarfi za ta iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. To me kuke so in yi? In tsaya ina kallo? Na ruga na riga baƙon shiga.

Ina kama Baba zuciyata ta karye. Mutumin da a da in ya riƙe ƙugunka sai numfashinka ya tsaya, ranar nan gwiwoyinshi rawa suke yi, da hannu ɗaya zan ture shi. Sai na miƙa mashi ƙafa, ya taɗe, na saki jiki na zube. Fili ya kaure da ihu. Ya ɗago ni idonshi cike da hawaye ya ce, "Kada ka ji komai ɗana, tsohon hannu ne." Na ce, "Haka ne Baba." Ni a wautata na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Ashe an ɗauka a waya, abin ya yi ta yawo har tsallaken iyaka, garin su baƙon. Ya aiko cewa shi aka tare wa hanya ranar, kuma yana son tsohon da ya kayar da ni. Baba ya amsa. Asabar ta sama za a yi. Inna, matarshi, ta zo har shagona, ko tartsatsin wuta ba ta kauce wa ba, ta ce, "Kai kaɗai yake jin maganarka, don Allah ka hana shi." Na je na durƙusa na ce, "Baba ka bar mani shi, ni zan kama shi." Ya yi dariya ya ce, "Kai da na kayar? Mi za ka yi mashi?" Na tuna mashi maganar likita, ya ce, "Halan likitan ya ga abin da na yi a Batagarawa?" Na je wurin masu shirya wasan, suka ce mutum ya amsa da bakinshi, an riga an yi shela, in fasawa ce shi zai faɗa.

Ga inda kunyata take, wadda ko Inna ban iya faɗa mata ba. Baba ya ce ni zan riƙa motsa mashi jiki, kullum bayan sallar asuba muna kan yashin nan, kuma kullum faɗuwa nake yi. Ya zan yi? In na kayar da shi ni na karya shi, in na faɗi na ƙara zuga shi. Har ya fara cewa yana jin ƙarfinshi na da yana dawowa, yana cin tuwo malmala uku, yana yi wa Inna waƙa a tsakar gida. Rabon da in gan shi cikin farin ciki haka har na manta. Mutumin da abin alfaharinshi a duniya shi ne bai yaye maƙaryaci ba, da wane bakin zan ce mashi kayen da ake yaba mashi kyauta na ba shi? Korar da zai yi mani na san tana nan, kuma wallahi tana ba ni tsoro, shekara goma sha bakwai ina tare da shi. Amma ko na faɗa, wa ya ce zai fasa? Baba irin mutumin da zai shiga don ya wanke kunyar ne.

Yau da safe na yi niyya, na ce ba zan faɗi ba, ba kuma zan kayar da shi ba, zan dai kafe ya gane da kanshi. Na kafe. Ya tura, ya ja, ya sa ƙafa, ko gezau ban yi ba. Numfashinshi ya fara fita da ƙara. Sai ya ɗago ya dube ni, na ga tsoro ƙarara a idon mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron kowa ba. Jama'a, ban san lokacin da na zube ba. Ya tsaya a kaina yana haki ya ce, "Yau ka ɗan ba ni wuya, haka nike so."

Saura kwana tara, kuma gobe da asuba yana jirana. Don Allah jama'a, me zan yi?