Na kashe ƙarar talhon taubashina wata huɗu

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin, ka cire sunana ka cire hotona, ko da yake hoton ba nawa ba ne, na wani rago ne da na taɓa kiwo. Na daɗe ina karanta ku ina dariya, masu kukan soyayya da masu kukan rashin aure, ban taɓa zaton ni ma zan shigo layi da furfurata ba. To ga ni. Shawara nike nema don Allah, kuma mai son zagina ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, can ne abin zagin ya fi kyau.

Ni tsoho ne, na haura sittin. Lakwal, wato makarantar boko, a aji biyar na tsaya, ba don kwanya ta ƙi ba, babana ne ya ga gero ya fi malamai buƙatata. Faransancina na gaisuwa ne da karanta takarda da yatsa. Amma shekara talatin ke nan ina zaune a standar na wani kamfani nan Ƙwanni, mai sayen wake da albasa, da reshe a Malbaza da Illela. Standar, ga ku da aka haifa da salula a hannu, shi ne teburin da duk kiran waje ke faɗowa, in ce alo, in tura ma mai shi. Bara direkta ya ce mun tsufa, ya ɗauko wani ƙwararre daga Yamai. Mutumin ya kafa wani baƙin akwati a bango, ya ja wayoyi, ya ɗora sabon talho a kowane teburi, kowa da lambarshi. Direkta goma, sakatariya sha ɗaya, mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, sha huɗu, Malbaza ashirin da wani abu, Illela talatin da wani abu. Ka danna lamba biyu daga nan, wanda ke Illela ya ɗauka kamar a ɗakinka yake. Kwana uku ya yi yana koya mini yadda ake shiga cikin akwatin ta kwamfuta, yadda ake tura kiran wannan ga wancan in ba ya nan, yadda ake sauya ƙarar kowane talho, yadda ake kulle maɓallai kada masu ƙaiƙayin hannu su ɓata. Na rubuta komai a kaye, ɗan littafina, da ajami da boko a haɗe. Da zai tahi ya ba ni lambar sirri ya ce Baba, wannan kai da direkta kawai. Direkta ya manta tashi kafin la'asar. Don haka ma aka riƙe ni, da tuni na yi ritaya.

Mai mangazarmu, mu ce mishi Nomau, taubashina ne. Uwarshi ƙanwar babana ce, ni ɗan namiji shi ɗan mace, wato bawana ne, ko da yake shi ya ce ni ne bawan. Kun san wasan taubasai, babu fushi babu kai ƙara. Tun muna yara a ƙauyenmu Bazaga muke yi. Ranar aurena ya ɓoye mini takalmi, na je ɗaurin aure da ƙafa biyu daban. Ranar sunan ɗanshi na fari na gaya ma maroƙi yaron da kan uban ya zo, a yi ma uwar jaje, ya kuwa shelanta. Haka muka tsufa.

Abin da ya jawo wanga, akwai wata lamba da in ka danna muryarka ta fito a duk talho na kamfani lokaci guda, don sanarwa. Wata rana bayan azahar na ci tuwo na ɗan rufe ido a kujera, ba barci ba, tunani nike. Nomau ya lallaɓo ya danna lambar, ya ajiye kan talhon a bakin hancina ya fita. Minti nawa ban sani ba, Ƙwanni da Malbaza da Illela suna sauraren minsharina. Direkta yana da baƙi. Daga ranar sunana ya koma Gidan Rediyo, har direbobi in sun shigo sai su ce yau ƙarfe nawa ne shirin. Na yi dariya tare da su. Na ce bawa ya yi nashi, saura ubangida.

Mangaza tana can bayan gida, ginin kwano ne, rezon waya ba ya shiga, salula a ciki dutse ce. Nomau shi kaɗai ke zama, fuskarshi ga sikeli da ƙofa, talhon yana bayanshi a kan kanta. Na shiga kwamfuta, na buɗe sha huɗu, wurin ƙara na zaɓi shiru, na kulle maɓallan. Mai kira zai ji tana kaɗawa lafiya lau, a mangaza kuwa ba abin da ke motsi sai wata 'yar jar fitila kamar idon ɓera. Niyyata kwana uku.

Kwana na biyu sakatariya ta fara ƙorafi, Malbaza ta fara ƙorafi. Nomau ya rantse talhon bai yi ƙara ba. Aka ce to wa ya san talho, aka turo ni in duba. Na je da tabarau da kaye, na ɗaga na girgiza na hura wayar, kamar likita. Na ce ma sakatariya ta kira. Fitila ta fara ƙyaftawa. Na toshe kunne ɗaya na ce, "Kai bawa, ɗauki mana, za ta fasa mini kai."

Ya dubi talhon ya dube ni. "Wace ƙara? Ɗan banza, ka fara ko?"

"Wace ƙara kuma? Nomau, tsakaninka da Allah ba ka ji?"

"Ga ka nan ina jin ka, da muryarka kamar jakin da ya kwana da yunwa."

Na ce mishi ai haka abin ke farawa, muryar mutum kauri gare ta, ita ke ƙarshen tahiya, sirirriyar ƙara ita ke fara ɓacewa, na ji a rediyo. Ban ji a ko'ina ba, a wurin na ƙera shi. Ya yi dariya, amma na ga ya sa ɗan yatsa a kunne ya karkaɗa. Jama'a, daɗin da na ji a ranar ban ji shi ranar da aka ba ni lambar sirri ba. Kwana uku ya zama mako, mako ya zama wata. Duk sanda na ga zai warware sai in ƙara mishi. In muna tahiya masallaci in tsaya in ce ka ji tsuntsun can, alhali ba tsuntsu. In motsa baki ba murya sannan in ce magana nike maka tun ɗazu. Kafin ku ce ba ni da imani, ku tuna minsharina ya je Illela.

Ya tahi asibiti, likita ya leƙa ya ce kunnuwanshi sun fi na wasu samari. Ya dawo da murna yana kaɗa takardar a fuskata. Na karɓa na karanta da yatsa na girgiza kai, na ce yaran likitocin yanzu ba su son tada hankalin tsoho, ka dai ci gaba da addu'a. Matarshi Hassi ta ce mishi malam kana ji, ko cokali ya faɗi a ɗaka kana tambaya. Ya ce mata mace ba ta san aikin buro ba, wato aikin ofis. Ni ya yarda da ni, don ni ne mai talho.

Ran kasuwar Illela ya dawo da wata 'yar kwalba, baƙin mai ne a ciki, mai shi ya ce kitsen damo ne da saiwa bakwai, a ɗumama a cokali a ɗiga safe da yamma. Ya nuna mini yana tambaya ko in ga ya dace. Nan ne ya kamata in tsaya, na sani, ba sai kun rubuta mini ba. Sai na ga wata dabara da ta fi ta farko. Na bari ya ɗiga kwana biyu, rana ta uku da hantsi na maida ƙarar na kira shi da kaina. Kaɗawa ɗaya ya ɗauka. Tsohon nan da jikoki kuka ya yi mini a waya, yana cewa na ji ta, wallahi na ji ta, Gidan Rediyo, na warke. Ya fito tsakar gida yana gaya ma masu ɗaukar buhu, ya raba goro. Na bar shi ya wuni yana ɗaukar kira kamar sabon ma'aikaci, har wanda ya yi kuskuren lamba sai ya tsaya gaisawa da shi. Washegari na sake kashewa.

Abin da ban lissafa ba, shi a wurinshi maganin ya nuna aiki, ƙaranci ya yi. Ya koma sau huɗu a rana, ya ƙara zafi don ya shiga da kyau, ya koma Illela ya ƙaro kwalba biyu. Ni ban sani ba, ina can ina dariya duk sanda Malbaza ta kira tana zagi. Sai da na fara ganin auduga a kunnenshi da wani ruwa yana bin wuyan riga, ga wari. Na ce bawa me ke nan, ya ce ciwon ne ke fita. Hassi ce ta ja shi asibiti da ƙarfi. Wanga karon likita bai yi murmushi ba, ya ce dodon kunnen hagu ya huje, na dama ya kumbura ya cika da mugunya, sai abin da Allah ya yi.

A cikin haka mota ta taso daga Illela ɗaukar buhunan da babu su, don sun kira sau shida su tabbatar ba a ɗauka ba, ta koma wayam. Direkta ya hau sama. Ya ce in fiddo mishi jerin kiran sha huɗu daga akwatin. Na fiddo, shafi uku, kowane layi an kira ba a ɗauka ba. Takardar ba ta faɗin an kashe ƙara, wannan sai wanda ya shiga ciki ya duba, kuma ni kaɗai ke shiga. Ya kira mu tare ya tambaye ni a gaban Nomau, talhon lafiya yake? Na ce lafiya lau yake, ranka ya daɗe. Nomau ya karkato da kunnen dama yana kallon bakina, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ya faɗa, laifin kunnena ne.

Ranar Alhamis da ta wuce ya zo teburina ya ja kujera ya zauna, bai zage ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba zai ci albashin aikin da ba ya iyawa ba, in rubuta mishi takardar ajiye aiki da faransancina mai kama da na mutane, zai koma Bazaga wurin Gwaggo, uwarshi, ya kama gonar da ta rage. Saura shekara biyu ya cika ritayarshi. Na ce ka bari tukuna. Ya ce me? Na ɗaga murya na ce ka bari tukuna. Ya ce, "A'a ɗan'uwa. Likita ya ruɗe ni, Hassi ta ruɗe ni, kai kaɗai ka gaya mini gaskiya tun farko." Na rubuta, ya sa hannu, ya ce ni zan miƙa ranar Litinin don shi kunya yake ji. Takardar tana aljihuna yanzu da nike danna wanga saƙo da yatsa ɗaya.

Ga inda na tsaya. In na yi shiru na miƙa, ya tahi, ni in ci gaba da cewa alo, ba wanda zai taɓa sani sai ku, kuma ku ba ku san ni ba. In na je na gaya ma direkta, ni zan tahi a ranar, don wanda ya yi wasa da lambar sirri ba a barin shi ya kwana da ita, kuma ban tabbata hakan zai tsayar da Nomau ba tunda yanzu kurmancin ya zama na gaske. Sannan magana za ta kai Bazaga. Gwaggo tana raye, ta kusa casa'in, ita ta goya ni da uwata ta rasu. Al'ada ta ce taubashi ba ya fushi, kuma na san Nomau, zai iya danne abin ya ce wasa ne don kada a ce ɗan mace ya kasa. Wallahi wannan nike tsoro fiye da a ce ya ɗauko gatari. Wani ɓangare na zuciyata kuma, ba zan ɓoye muku ba tunda ba ku ganina, har yanzu yana cewa ai ba ni na ɗumama cokalin ba, kuma shi ya fara.

Malaman gida ku gaya mini, wasan taubashi yana da iyakar da in an wuce ya zama haƙƙi, ko duk ana yafe shi da suna? Masu aikin buro ku gaya mini, akwai hanyar da zan sa a riƙe shi ba tare da na tona kaina ba, in tura kiran sha huɗu teburina in riƙa kai mishi saƙo da ƙafa har ya cika shekara biyunshi? In kuma faɗa zan yi, wa zan fara gaya ma, shi ko direkta ko Hassi? Shi dai sai na yi ihu a kunnen dama, duk masu ɗaukar buhu su ji.

Jiya Juma'a na maida ƙarar, na ƙure ta har ƙarshe, na kira sha huɗu daga teburina. Tsakanina da mangaza akwai tsakar gida da motoci biyu, amma ina jin ta sarai. Ta tagata ina hango shi zaune yana gyara igiyar sikeli, talhon yana bayanshi kamu uku. Na bar ta ta kaɗa har ta yanke da kanta, bai waiwaya ba. Litinin jibi ce. In miƙa takardar, ko in yage ta in shiga wurin direkta da bakina?